Gishirin Baffa Garba

Kowace shekara idan aka turo mana sababbin ɗalibai labo, wato ɗakin gwajin nan na asibiti, abu guda nake gani a fuskarsu. Su kalli farar na'urar nan da ke kan tebur, su ga an tsoma mata ɗan bututu a kwalba, ta yi ƙara ta tofo takarda, sai su ce a ransu ashe aikin ke nan. Wata ma a bana ba ta tsaya faɗi a rai ba, a gaban idona ta ce wai Mama Asabe wannan ai ko kakarta za ta iya. Na ce mata ba musu, kakarki za ta iya danna maɓalli. To ku jawo kujeru ku zauna, in ba ku labarin mutumin da ya kusa jefa allurar da ke riƙe da ransa cikin kogin Binuwai, da yadda lamba ɗaya a takarda ta fitar da ni daga ɗakin nan zuwa kasuwa.

Ni 'yar mahauci ce. Babana Mamman a kwatar Garuwa ya ƙare ƙuruciyarsa. Da dangi suka ji na shiga aikin asibiti sai suka ɗauka allura zan riƙa yi da farar hula a kaina. Ranar da suka gano abin da nake aunawa, dariya ta hana su cin tuwo. Wanda ya fi kowa tsokanata shi ne Baffa Garba mai kilishi, aminin babana, wanda a gabansa aka raɗa mini suna. Duk inda ya hango ni sai ya ɗaga murya, ga ɗiyar Mamman, uba na fama da shanu 'ya na fama da fitsarin mutane. Ni kuma in ce masa ranar na zuwa da zai kawo nasa da hannunsa. Wallahi da wasa nake faɗi.

Aikin da aka fara ba ni wankin gilashi ne, kuma sai da na yi wata shida ban taɓa komai ba sai shi. Wadda ta koya mini aiki Madam Tabita ce, Kirista daga duwatsun wajen Guider, doguwa siririya, ba ta dariya a wurin aiki. Hausar kasuwa take mini, in ranta ya ɓaci ta koma Faransanci. A wajenta kwalba ɗaya sai an wanke ta, an ɗauraye da ruwan famfo, an sake ɗauraye ta sau uku da ruwan da muke tarawa daga tururi, sannan a kife ta ta bushe da kanta. Ba tsumma, ba taɓa bakinta da yatsa. Dalili shi ne abin da muke nema, wato sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri, yana ko'ina. Yana cikin garin sabulu, yana cikin ruwan famfo, yana cikin gumin jikinki. Ku kuma kun san zafin Garuwa in bazara ta kankama. Wata rana ina zuba ruwan gwaji, ɗigon gumi ya gangaro daga hancina ya faɗa cikin kwalbar. Na waiga na ga Madam ta ba ni baya, sai na yi kamar ban gani ba. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Asabe, sakamakon nan sunan wa za mu rubuta a kai, na mara lafiya ko na hancinki?" Tun daga ranar nake ɗaura tawul a goshi, har yau ga shi kuna gani kuna yi mini dariya a ɓoye.

Na'urar da muke da ita a lokacin mai wuta ce, Tsohuwa muke ce mata. Da tukunyar gas irin ta girki take aiki, sai injin iska da ke hura mata. A ƙyasta ashana a kunna ta, a yi ta murɗa kan gas da na iska har harshen wutar ya tsaya shuɗi tas, ba rawa ba hayaƙi. Tana da ɗan siririn bututu da ke zuƙar ruwan gwaji ya fesa shi cikin wutar. In akwai sodiyom sai wutar ta koma rawaya, yawansa yawan haskenta, allurar agogon da ke gaba kuma ta motsa ta nuna lamba. A gefe akwai 'yar taga da ake leƙa wutar. Kafin ki auna na kowa sai kin fara ba ta ruwa zalla kin mayar da allura sifili, sannan ki ba ta ruwan gishirin da kika haɗa da hannunki kika san adadinsa. In kin yi kuskure a wannan haɗin, duk wanda kika auna a ranar kin yi masa ƙarya. Ina son na'urar nan ƙwarai, ban ɓoye muku ba.

Sai maganar jarka, wadda mutanen nan ke ce wa bido. In likita na son sanin yawan gishirin da mutum ke ci, jini ba zai gaya masa ba, don jiki na riƙe gishirin jini a wuri guda ko ka ci da yawa ko kaɗan. Ƙoda ake tambaya. Abin da ya shiga ta baki, mafi yawansa ta fitsari yake fita. Shi ya sa muke ba mutum jarka mu ce na farkon safiya ya zubar, daga nan duk wanda ya yi ya tara har safiyar gobe, kar ɗigo ya ɓata. Bayanin nan na yi shi da Hausa, na yi da Fulatanci, na yi da Faransanci, na yi da hannu, amma mutane sai sun ƙara nasu. Wata baiwar Allah ta ga nata ya yi ja, kunya ta kama ta, ta sirka da ruwan randa. Wani dillalin shanu ya ga jarkar ba ta ko kai rabi ba, sai ya roƙi ƙanensa ya taimaka masa. Masu tsabta kuwa su suka fi ba ni wahala, don su ne za su wanke jarkar da garin sabulu su kawo miki tana ƙamshi. Duk wannan takarda ba za ta gaya muku ba, sai kun iya hira da mutum har ya saki jiki ya faɗa da bakinsa.

Shekarar da muka fi shan wuya ita ce wadda injin iskar Tsohuwa ya mutu. Da safe ne, tsakiyar aiki, ya yi tari biyu ya yi shiru. Aka rubuta takardar neman sabo, wata ya wuce, wani ya wuce. Madam Tabita ba ta ga ta zama ba. Ta hau bayan ɗan moto, wato mai babur ɗin haya, ta je wajen wani mai faci a bakin hanyar Guider, ta yi masa bayani har ya yarda. Talata da Alhamis da sassafe sai ya cika tankinsa da iska ya turo shi a kura har bayan tagarmu. Iskar taya kuwa akwai mai da datti a ciki, don haka muka cusa auduga a kwalba biyu, iskar ta bi ta ciki kafin ta isa wuta. Auduga dai ba a rasa ta a Garuwa. Tanki ɗaya ba ya kai mu ko'ina, dole mu jera kwalabe tun kafin a kunna, ba magana, ba maimaici. A shekarar ne kuma idon Madam ya fara yana, karatun allura ya dawo hannuna. Cikin wannan hali Baffa Garba ya faɗo mana.

Ciwon suga ne ya kama shi, ya daɗe yana ɓoyewa. Mutum ƙato ya zube har wuyan rigarsa na zamewa, ruwa ba ya isarsa, ban-ɗaki ba ya hutawa. Ranga-ranga aka kawo shi. Likita ya ɗora shi kan allurar insulin, matarsa Gwaggo Ladi ta koyi yi masa, ta samo ƙaramar tukunyar ƙasa ta zuba jiƙaƙƙen yashi tana adana kwalbar a ciki don zafi. Cikin ɗan lokaci mutum ya miƙe, murya ta dawo, ya koma kan kilishinsa. Muna cikin murna sai ƙafa ta fara hawa. In ka danna ƙaurinsa da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Likita ya duba zuciya, ya duba ƙoda, duk lafiya, ya ce a cire gishiri da dunƙule daga abincinsa. Aka cire, kumburi bai san an yi ba. A kwata kuwa magana ta gama zagawa, wai allurar asibiti ce ke ɗura wa Garba ruwa.

Wata Litinin sai ga shi a ƙofar labo da silifas, yatsun ƙafa sun yi suntum. Bai tsokane ni ba, abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan. Ya zauna kan benci ya ce, "Asabe, tsakaninki da Allah, allurar nan ce ke kumbura ni ko ba ita ba?"

To ga inda aikin yake, ku buɗe kunne. Ƙoda tace jini take yi, ruwa da gishiri su zubo cikin wasu 'yan bututu sirara da ido ba ya gani. Da za a bar su su fita duka, da mutum ya bushe kafin azahar. Don haka bututun ke janyo mafi yawan gishirin su mayar cikin jini, ruwa kuma duk inda gishiri ya nufa can yake bi. A jikin waɗannan bututu akwai wurare da aka yi don insulin ya zo ya zauna. In ya zauna, sai bututun su ƙara ƙwazon janyo gishiri. Mutumin da ya daɗe suga na wanke masa jiki, in aka fara masa allura, ƙodarsa kan riƙe gishiri da ruwa fiye da da, ƙafa ta hau. Yawanci in an rage gishirin ci sai abin ya lafa. Shi ya sa ma za ku ga mai ƙiba da insulin ya yi yawa a jininsa sau da yawa yana fama da hawan jini, don naman jikinsa ya daina jin maganar insulin amma ƙoda ba ta daina ba. Akwai sauran abin da masana ke gardama a kai, wannan dai shi ne abin da ya shafi ƙafar Baffa.

Duk wannan na so in gaya masa, amma na fara da inda bai kamata ba. Na ce masa e, akwai hannun allurar a ciki, amma. Bai jira abin da ke bayan amma ba. Ya ce shi ke nan, na faɗa da bakina. Yana da wani baƙin takalmi sau-ciki da yake zuwa masallacin Juma'a da shi tun ina yarinya. Ya ce ya ba allurar nan Juma'a uku. In ta ukun ta zo ƙafarsa ba ta shiga takalmin ba, zai hau gada ya jefa kwalbar a kogi, ya koma kan saiwoyin da abokansa ke kawo masa. Na san halinsa, in ya faɗi abu ya faɗa. Na kuma san in ya bar allurar ba zai ga damina ba. Ga shi da bakina na ba shi hujja.

Na ruga wajen likita, ya rubuta gwajin jarka. Ranar Alhamis muka auna. Allurar Tsohuwa ta tashi kamar an mare ta, sai da na ƙara sirka ruwan kafin ta karantu. Mutumin da aka ce ya bar gishiri, ga gishiri na fita daga jikinsa fiye da na masu ci. Likita ya ga takarda ya sa aka kira Gwaggo Ladi, ya yi mata faɗa sosai, wai tausayin miji ne zai sa ta kashe shi. Matar nan kuwa ta girmi likitan nesa ba kusa ba. Sai da ta fito ta riƙe hannuna a baranda ta rantse mini rabon da gishiri ya shiga tukunyarta tun ranar da aka hana, har yaran gida sun koma cin abinci a maƙwabta.

Ni kuma sai na zargi jarka, don a tasu ta gida aka tara. Gidan mahauci ne, akwai gishirin jimar fata ko'ina, wa ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Na ɗauko tamu na wanke da hannuna irin wankin Madam, na kai musu. Talata muka sake aunawa, lamba ta dawo kusan inda take. Sai na koma zargin kaina da iskar taya. Madam ta karɓi ruwan gishirin da na haɗa, ta haɗa nata dabam, ta sa na karanta mata duka biyun, suka zo daidai. Ta kashe gas ta ce mini, "Tsohuwa ba ta san Garba ba, ba ta san Ladi ba. Gishirin nan ta baki ya shiga. Cire rigar aiki ki je ki ga inda yake yini."

Na fara da gida. Gwaggo Ladi na kaɗa miyar kuka, ta ɗebo mini a ludayi. Kai, ban taɓa shan abu lami irin wannan ba, sai da na tausaya wa Baffa. Na zuba kaɗan a kwalba na sa a jaka. Daga nan na wuce rumfarsa a bayan kasuwa, inda ake shanya nama kan gadajen kara. Na ce masa hira na zo, ya ba ni kujera ya ci gaba da aiki.

Wanda bai taɓa ganin haɗin kilishi ba, akwai abin da ake kira labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji da albasa da gishiri da dunƙule, wanda ake tsoma busasshen nama a ciki. Baffa bai taɓa auna komai ba. Ya watsa gishiri da hannu, ya juya, ya dangwala yatsa ya kai baki. Ya ƙara, ya juya, ya dangwala. Daro ɗaya sai ya ɗanɗana sau biyar sau shida, ga darurruka a jere. Na fara ƙirgawa a raina har na gaji na bari. In an gasa an zo naɗewa, duk gefen da ya karye ba ya sa wa mai saye, baki yake jefawa. Can da rana ta take sai na ga ya dafe ƙirji ya yi gyatsa, yajin da ya yini yana lasa ya taso masa da ƙwannafi. Ya jawo wata gora daga ƙarƙashin tebur ya kafa kai. Na tambaye shi mene ne, ya ce ruwan jar kanwa ne, shi ke kwantar masa da ƙirji, kuma tunda ƙafa ta fara hawa abokansa suka ce ya ƙara don tana sassabe ciki.

Na ce Baffa ai ga gishirin nan. Ya dube ni kamar na zage shi. Wai shi rabonsa da cin gishiri tun ranar da likita ya hana, ɗanɗano ai ba ci ba ne, aiki ne. Kanwa kuwa magani ce, ko shanu ana ba su. Ya ce shekara arba'in harshensa ke ciyar da gidansa, ba 'yar da aka yanka ragon sunanta a gabansa ce za ta raba shi da shi ba. Kuma ku sani ba ƙarya yake yi ba, har cikin ransa ya yarda ya bi dokar likita. Na ga gardama ba za ta kai mu ko'ina ba, sai na roƙi labu cokali ɗaya da ruwan gorar kaɗan, na ce ya zo labo ranar Alhamis da sassafe tare da Gwaggo.

Dokar Madam ita ce mara lafiya ba ya tsallake ƙofar ɗakin gwaji. Na shirya doguwar magana don in roƙe ta, ban kai rabi ba ta ce in gama gwajin mutane tukuna, abin da ya rage a tanki nawa ne. Na narka komai na tace tun da wuri, na jera kwalabe biyar. Da muka gama aikin ranar, agogon tanki ya riga ya yi ƙasa. Na shigo da su. Baffa ya sunkuya ya sa ido a 'yar tagar, hularsa na gogar bango.

Na ba Tsohuwa ruwa zalla, na tambaye shi me ya gani, ya ce shuɗi. Na ba ta ruwan gishirin girki, ya ce ta koma rawaya kamar ƙwaiduwa. Na ce to wannan launin gishiri ne, ya riƙe shi. Na mayar da ruwa zalla har ta washe, sannan na ba ta miyar Gwaggo Ladi. Wutar ta ɗan yi ƙyalli kaɗan, allura ta motsa da ƙyar. Na ce wannan miyar gidanka ce. Gwaggo da ke tsaye a bayansa ta gyara mayafi ta yi gyaran murya. Sai labu. Wutar ta tashi rawaya bau har ta haska masa fuska. Bai ɗago ba. Na sa kwalbar ƙarshe, ruwan kanwarsa, ina jin iskar na raguwa a bututu. Ta sake yin rawaya fiye da ta labun, ta yi ɗan lokaci a haka, sannan tanki ya ƙare wutar ta mutu.

Ya daɗe a sunkuye yana kallon tagar da babu komai a ciki. Da ya miƙe, ba ni ya kalla ba, matarsa ya kalla. Ya ce, "Ladi, ashe ni ne." Ta ce masa ai ba komai Malam, amma a maimaita a gaban likita. Madam Tabita ta juya ta fuskanci bango, na ga kafaɗunta na rawa.

Sauran aikin shi ne yadda mai kilishi zai yi kilishi ba da harshe ba, don in an ce ya bar ɗanɗano ba a ba shi madadi ba, kwana biyu zai koma. Abin da na iya shi na yi masa. Ranar Asabar na ɗauki ƙaramin sikelin labo da izinin Madam na je rumfa. Na auna gishiri da dunƙule a kwano, na ce ya haɗa daro ɗaya yadda ya saba, ya ɗanɗana son ransa, na ƙarshe ke nan. Da ya ce ya yi, na auna abin da ya rage a kwanon na san abin da ya shiga. Muka yi haka daro uku, hannun tsohon nan bai sauya ba ko kaɗan, har na ji kunyar sikelin. Na samo gwangwanin tumatir na zuba daidai wannan adadi, na ja layi da ƙusa a inda ya tsaya. Mahauta suka taru suna dariya, wai Garba ya koma makaranta. Ya ce musu harshensa ne aka zuba a gwangwani, wanda ke da harshen da ya isa a auna ya kawo. Gefen da ya karye kuma aka koma tara wa Gwaggo da yaranta. Da ya daina lasar yaji ƙwannafi ya tafi da kansa, gorar kanwa ta rasa aiki. Likita ya ba shi ƙwayar rage ruwa ta 'yan kwanaki, kuma don Allah ya kyauta, har baranda ya fito ya ba Gwaggo Ladi haƙuri.

Saura kwana shida Juma'a ta uku. Ban je duba shi ba, tsoro ya hana ni. Ranar Juma'ar na yi ta aiki hankalina na ƙofa. Aka sauko daga masallaci, masu zuwa karɓar sakamako suka zo suka tafi, babu shi. Na wanke kwalaben da na riga na wanke. Madam da ba ta taɓa share taga ba, ranar sau uku tana share ta wajen ƙofar shiga. Har na fara tunanin in hau moto in nufi gada, sai na ji taku a kan simintin baranda, ƙwas, ƙwas, ƙwas, irin na wanda ke buga ƙafa da gangan don a ji. Ya shigo da babbar riga da baƙin takalminsa an goge shi yana sheƙi. Bai yi murmushi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar insulin ya dire mini a kan tebur. Na ce a raina shi ke nan, ya fasa jefawa a kogi ya dawo mana da abarmu. Na ɗaga ta na ga babu komai a ciki.

Ya ce, "Ta ƙare tun da safe. Wa ke rubuta wata?"

Daɗi ya kama ni, na nuna masa ƙofar likita da hannu. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ɗiyar Mamman, ba ni jarkar nan taki, mai tsabtar. Ina son in ga ko wutar ta huce." Na ɗauko na miƙa masa, na tuna masa wa ya ce ranar na zuwa. Ya ce in rufe masa baki, yarinya ba kunya. Ya saƙale jarkar a hammata ya fita, muna jin takalmin har ya sha kwana.